Zuwa Damagaram a ƙafa da 'yar jaka ɗaya: wane wata za mu tashi?

Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne a Kano, shekarata 27. Kakana na wajen uba mutumin Damagaram ne, a ƙafa ya shigo Kano yana saurayi, bai sake komawa ba har Allah Ya karɓi abinSa. Shekara biyu ke nan ina da burin in taka hanyar da ya biyo, daga Kano ta Daura har Damagaram, ni da wani abokina. Ba ma son tarkace: jakar goyo ɗaya kowa, ba tanti, ba tukunya. Hutu uku nake samu a shekara, na Afrilu, da dogon hutun Agusta, da na Disamba. Abokina ya kafe a kan Afrilu, wai ba ruwan sama ba sanyi, ko bargo ba sai mun ɗauka ba. Ni kuma Agusta nake so, gari ya yi kore shar, ga lokaci isasshe. Har mun fara ɗaga wa juna murya. Hajiyata kuwa cewa ta yi duk neman wahala ne, ga mota. Baba, a raba mana gardama.

Wa'alaikumus salam ɗana. Gardamar taku ba ta da wuyar rabawa, domin kai da abokin naka duk kun faɗi. A cikin hutun nan uku, wanda ba ku ko kalle shi ba shi ne naku, wato na Disamba. Da kuwa aikinka zai bar ka ka zaɓa yadda kake so, da sai in ce ku tashi tsakanin tsakiyar Nuwamba da goma ga Disamba, a wutsiyar kaka, kafin hunturu ya zauna da gindinsa.

Ga abin da nake so ka fara ganewa. Kayan da ka ce ba za ka ɗauka ba, buƙatarsu ba ta zauna a gida ba, tana biye da kai. Mai jaki ɗauke da tanti da risho da jarkoki yana iya tafiya kusan kowane wata, don gidansa na tare da shi. Kai da ka zaɓi 'yar jaka, rufin ɗakinka sararin samaniya ne ko zauren wani, tukunyarka ta matan ƙauye ce, randarka kuma rijiyar mutane. Saboda haka maganar "wane wata ya fi daɗi" ba ta taso ba. Abin tambaya shi ne, a wane wata ne sama ba ta zubo ruwa, rijiya ba ta ja baya ba, rumbun talaka kuma yake cike har yana iya cewa baƙo bismilla ba tare da ya waiwayi 'ya'yansa ba?

Hanyar taku, in kun bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, kuka ƙetare iyaka a Kongolam, kuka wuce Matameye da Kance, kilomita 240 ce ko kusa da haka. Wanda bai saba ba, in ya yi kilomita 20 zuwa 25 a wuni ya yi ƙoƙari. Kwana goma zuwa sha biyu ke nan, ka ƙara kwana biyu na hutun ƙafa, don sai ta nema ko ba ka so. Mako biyu ne. Dogon hutun Agusta da kake taƙama da shi ba ka ma buƙatarsa.

Bari in fara da abokinka, don nasa kuskuren shi ne mai kisa. Lissafinsa ya tsaya ne a kan bargo. To a auna. Bargo madaidaici bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Ruwa kuwa kowace lita kilo ɗaya ce cif, ba ragi. A Afrilu zafin Kano da rana yana kai maki 38 zuwa 40, na Damagaram yakan haura haka, kuma mai tafiya da kaya a irin wannan rana yana iya zubar da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya. Mutumin da lita uku za ta kai shi gari na gaba a Disamba, a bazara sai ya ninka. Ka ga ke nan abokinka ya ajiye kilo ɗaya da rabi ya ɗauki kilo uku ko huɗu, kuma nasa kayan kullum sai an sake nemo su. Ina ribar? Sannan lokacin ne rijiyoyi suke yin ƙasa, tafkuna sun zama busasshen taɓo, mata na layi a bakin famfo tun asuba. Kuna ƙara yin arewa abin na ƙara tsanani. Damagaram ɗin kanta ai an san ta da ƙarancin ruwa tun ba yau ba.

Ni na taɓa ɗanɗanawa, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, motar kasuwa ta mace mana a daji ana saura kwanaki kaɗan ruwa ya sauka. Aka ce gari na gaba ba nisa, "nan gaba kaɗan ne", ka san nan gaba kaɗan ɗin mutanen karkara. Na ɗauki gorata na kama hanya da hantsi ina jin kaina. Kafin azahar ruwan gorar ya yi zafi kamar na shayi, kuma na shanye shi a haka. Abin da ya fara ba ni tsoro ba ƙishi ba ne. Na lura ne goshina ya bushe, gumi ya ɗauke, ina kallon wata aduwa a gabana tana rawa kamar a cikin ruwa. A gindinta wani mai amalanke ya tsince ni. Bai ba ni ruwa da yawa ba, kurɓi-kurɓi ya riƙa ba ni, sauran ya jiƙa hiramina ya ɗora mini a ka, yana ta faɗa kamar ni ɗansa ne: wane mahaukaci ne yake tafiya a wannan rana, ko jaki ai an ɗaure. Tafiyar da ta kusa halaka ni ba ta kai kilomita 15 ba. Ku kuma 240 kuke magana.

Kada a manta bazara ita ce ganiyar sanƙarau a ƙasashenmu. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawanci a nan Arewa. Mai kwana a zaure da masallaci cikin mutanen da bai sani ba shi ne a sahun gaba. Ko wane wata za ku tafi, ku nemi allurar rigakafinta kafin ku tashi. Dare ma a Afrilu ba hutu ba ne. Ƙasa tana mayar da zafin da ta sha, ka kwana kana juyi, ka tashi da gajiyar jiya ka ɗora ta yau a kai.

Sai kai da Agustanka. Na fahimce ka, damina tana da kyau a ido, kuma zafi yana sauka ƙasa da maki 30 a ranaku da yawa. Amma kyan nata na mai kallo ta tagar mota ne. Agusta shi ne watan da ya fi kowane ruwa a Kano, watan marka, wanda sama za ta wuni tana tsiyaya. Kai da ba ka da tanti, ina za ka? Ka ce za ka fake a gindin bishiya, nan ne kuma tsawa ta fi so. Riga ta jiƙe ba ranar da za ta busar da ita. Mafi muni ƙafa. Ƙafar da ta wuni cikin jiƙaƙƙen takalmi fatarta laushi take yi ta yi fari, bororo ya fito, ya fashe, ƙasa ta shiga. Kwana uku a haka tafiya ta ƙare, sai neman mota. Koramun da za ka taka a bushe a Disamba ba tare da ka san korama ba ce, a Agusta suna iya tare ka wuni guda, kuma duk shekara ana rasa mutane a ƙoƙarin ƙetare ruwan da bai kai ƙugu ba. Ga sauro a ganiyarsa, ga amai da gudawa da ke bin ruwan da ya gurɓace.

Akwai kuma abin da ɗan birni ba ya tunawa. A Agusta daji ba na matafiyi ba ne, na manomi ne. Gero da dawa sun fi ka tsawo, ko'ina shuka ce, ba ka da ikon yanke hanya, sai ka bi kwalta kana kauce wa tireloli ko ka bi burtalin da ya zama kwata. Sannan shi ne watan da rumbu ya yi ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, masu gida da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Bahaushe ba zai kori baƙo ba, zai fito maka da tuwon, amma ka sani daga bakin wani yaro aka rage. Wannan kaɗai ya ishe ni hana ka. Mai tafiya ba tukunya ya kamata ya ji kunyar zuwa a watan yunwa.

Su waɗanda suka san hanya ba su taɓa ruɗewa a kan wannan ba. A da, fataken goro masu zuwa Gwanja sai ruwa ya ɗauke suke ɗaura wa jakuna kaya. Ayarin Azbinawa da kaka yake nufar Bilma ɗauko gishiri, da rani ya gangaro ƙasar Damagaram da Kano. 'Yan ci-rani da almajirai har gobe sai an kai amfanin gona gida suke fita. Ka tambayi tsofaffin gidanku, zan yi mamaki in kakanka ba bayan kaka ya taso ba, da 'yar tabarmarsa da gora da sanda. Su ne asalin masu tafiya da ƙaramin kaya, ba don ƙawa ba.

To me ya sa na ce tsakiyar Nuwamba, ban ce Oktoba ba? Saboda agazari. Ruwa na ɗaukewa zafi yake dawowa mai ɗauke da laima, sauro bai tafi ba, zazzaɓi na kan ganiyarsa, ciyawa ta yi duhu. Sai an shiga Nuwamba iska ta juya daga arewa maso gabas, gari ya bushe, dare ya yi sanyi mai daɗi wajen maki 15 ko 16. A wannan ɗan tsakanin komai yana hannunka. Ba ruwan sama, don haka ba tanti ba rigar ruwa. Rijiyoyi da tafkuna suna riƙe da ruwan damina. Mayafi mai ɗan kauri ya isa. Ka wanke riga da azahar kafin la'asar ta bushe ƙayau, ka ga riga biyu sun ishe ka. Abinci kuwa sai wanda ka zaɓa: sabon gero, fura mai ƙamshi, wake, gyaɗa, dankali, rake, kankana a bakin hanya. Manomi ya sayar ya riƙe kuɗi, fuskarsa a sake, ana ta bukukuwa. Baƙon kaka daban yake da baƙon marka.

Amma makaranta ba za ta sake ka a Nuwamba ba, sai mu yi da abin da ke akwai. Ranar da aka ba da hutun Disamba, washegari ku kama hanya, kada ku tsaya hutawa. Kowane mako da kuka ƙara, sanyi da hazo ƙaruwa suke, Janairu kuma ita ce tsakiyar ɗari. Da asuba a ƙarshen Disamba Kano tana sauka maki 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka, a fili kuma inda ba gini iska tana sa ka ji kamar ya fi haka. Farashin da za ku biya shi ne bargon nan da abokinka yake gudu, da rigar sanyi ɗaya, da hular sanyi, da safa ta kwana daban da ta tafiya. Abu ɗaya da sababbin shiga ba su sani ba: sanyin daga ƙasa yake tasowa. Za ka ga mutum ya lulluɓa har ka, amma yana kwance a kan siminti da 'yar dardumar salla, ƙarfe uku na dare haƙoransa na kaɗawa. Abin da ke ƙarƙashinka ya fi na samanka muhimmanci. Buhun hatsi biyu marasa komai ba su da nauyin a zo a gani, ka shimfiɗa su, in ka samu kara ko harawa ka tura a ƙasa da izinin mai ita, ka ɗora dardumarka. A zaure mai daɓen ƙasa za ka fi jin ɗumi a kan barandar masallaci mai tayil.

Hazo kuma ku ba shi girmansa. Ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, wajen Faya, kuma in ta sauka sosai har jirage kan kasa sauka a Kano. Alherinta tana kare rana, sai ka yi tafiya har azahar ba ka galabaita ba. Sharrinta biyu. Na farko ƙirji da ido da leɓe. In ɗayanku yana da asma, to ya ga likita kafin a yi maganar tafiya. Na biyu direba ba ya hango ku. A ranar hazo ku sauka daga kwalta gaba ɗaya, in dole ne ku bi gefen da kuke fuskantar motocin da ke tahowa. Rawani ko hirami mai tsawo shi ne kayan da ya fi kowanne aiki a jakar: takunkumi ne, inuwa ne, tawul ne, matashin kai ne. Sai ɗan gwangwanin man kaɗanya. Kowane dare a wanke ƙafa, a shafe dunduniya, a sa safa. Faso in ya tsage ya yi jini a rana ta huɗu, sauran kwana takwas ɗin ɗingishi ne. Kuma busasshiyar iska tana shanye ruwan jiki ba tare da ka ga gumi ba, don haka a sha ruwa ko ba a jin ƙishi. Fitsari shi ne ma'auni, in ya yi ja ya ragu, an yi sake.

Kada ka ɗauka lokacin da na zaɓa muku ba shi da nasa ƙayoyin, kuma ƙaya ta gaske nake nufi. Ƙarangiya ta nuna ta bushe, daga Daura zuwa arewa kuwa gidanta ne. Ka ratsa fili ɗaya ka duba ƙafar wandonka, za ka ga kamar an yi mata ado. In ka sa yatsu ka cire sai ta koma kan yatsun, ta bar maka 'yan ƙananan tsini da ba ka gani sai dai ka ji. Ka jiƙa yatsun tukuna, ko ka kankare da bakin cokali. Wando mai santsi ya fi mai gashi-gashi, silifas kuma na zaman zango ne, ba na tafiya ba. Tsidau yana huda shi kamar takarda. Takalmin da za ka tafi da shi ya zama wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, sabo fil daga kasuwa maƙiyinka ne.

Na biyu maciji. Inda aka tara dami akwai ɓera, inda ɓera yake kububuwa na kusa, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. Ba a zama a jikin tarin kara, ba a fita kewayawa da dare ba tocila, a kuma kakkaɓe takalmi kowace safiya saboda kunama. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A hana wurin motsi, a nemi babur ko mota zuwa babban asibiti mafi kusa. Gidan sauro ma kada a bar shi, rabin kilo ne. A kusa da madatsun ruwa irin na Kazaure da fadamun da ake noman rani sauro ba ya sanin an shiga Disamba.

Na uku, lokacin ne shanu ke gangarowa neman karmami alhali dawa ba ta gama shiga gida ba. A Nijar har rana hukuma take sanyawa ta sakin gonaki, kuma kafin ranar zukata a kusa suke. Kada ku ratsa gonar da ba a girbe ba, kada ku karya ko kara ɗaya na rake ba a ba ku ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna fiye da sanyi da zafi. Zamanin kakanka baƙo mai sanda da gora abin tausayi ne. Yau samari biyu da jakunkuna a baya, suna ɗaukar hoto da waya, suna tambayar sunayen ƙauyuka, abin tuhuma ne, kuma ba laifin mutane ba ne, sun ga abin da suka gani. Hanyar Kazaure da Daura ba ta yi ƙaurin suna irin na yammacin Katsina da Zamfara ba, amma labarin hanya kullum sabo ne, a tasha ake jin sa, wurin direbobi da 'yan kamasho, ba a Facebook ba. Kowace safiya ku tambayi zangon gaba, matambayi ba ya ɓata. Ku samu takarda daga mai unguwarku da hatimin dagaci ko hakimi, mai bayyana ko ku su wane ne da abin da ya fito da ku, ku haɗa da katin ɗan ƙasa da na wurin aiki. Duk garin da za ku kwana ku shige shi da sauran rana, kafin magariba, ku zarce ƙofar mai gari ku yi sallama, shi zai ce ga inda za ku kwanta, shi zai gaya wa 'yan sintiri. Kwanan daji a ɓoye, irin wanda kuke gani Turawa na yi a bidiyo, ku bar musu can inda ya dace. Wuƙa in ta wuce ta yanka albasa a bar ta a gida, haka duk wata riga ko jaka mai launin kayan soja. In aka ce muku wani yanki ba lafiya, ku hau mota ku tsallake shi. Kakanka ba zai tashi ya ce kun yi ha'inci ba.

Ranakun Disamba gajeru ne, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, don haka tafiyar ta safe ce. Ku yi asuba, ku sha koko in an samu, ku kama hanya, kafin sha ɗaya kun ci kilomita 15 ko fiye. Ku yi ƙailula a inuwa, ku cire takalmi ƙafa ta sha iska, bayan la'asar ku ƙarasa 'yar sauran. In kwanakin hutun sun ba da dama, ku duba watan sama. Wanda ya tashi wajen 12 ga wata zai samu farin wata a dararen farko, bayan 14 kuma wata yana makara, yana nan a sama da asuba yana haska muku turba kafin gari ya waye. Wannan ba dole ba ne, ƙari ne. Ba na son ku jinkirta mako biyu don jiran wata ku faɗa tsakiyar ɗari.

Wani zai ce Fabrairu fa, sanyi ya fara sauka zafi bai zo ba? Da ba laifi, sai dai ba ka da hutu a lokacin, kuma a 'yan shekarun nan azumi a Fabrairu da Maris yake faɗowa, yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara. Matafiyi yana da sauƙin ajiye azumi, gaskiya ne, kamar yadda yake da ƙasaru. Amma wa zai sayar maka da abinci da rana tsaka a ƙauye cikin Ramadan? Kai da tukunyarka take hannun wasu, wannan ma lissafi ne.

Guzuri kaɗan ya isa tunda kaka ce: garin kwaki da ƙuli-ƙuli, dabino, 'yar sukari, ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyar ko shida, da ƙwayar tsarkake ruwa don ruwan rijiya. Gora biyu ta lita ɗaya da rabi kowa. Duk jakar da ruwanta kada ta wuce kilo takwas, ku ɗora a sikelin mai hatsi ku gani da idonku.

Maganar iyaka kada ku yi mata sakaci don kun ji ana cewa Daura da Damagaram duk gida ne. Gida ne, amma akwai shinge. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar har zuwa Maris na 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ku je ofishin shige da fice tun da wuri ku ji takardun da ake karɓa a lokacin tafiyarku, ku yi fasfo, ku yi katin allurar shawara, ku bi ta ƙofa a buga muku hatimi, ban da hanyar 'yan fasa-ƙwauri ko da an ce ta fi kusa. Ku canji sefa a bakin iyaka. Can kuma da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar ce, in mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa ɗari yake nufi. Kada ka tsaya kana gardama ka ba mu kunya. Idan kun isa, ku ba tsohuwar unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram wuni guda. Garin nan shi ne hedkwatar Nijar a zamanin Faransa har 1926 da aka mayar da ita Yamai, kuma in ka san unguwar kakanka ko sunan mahaifinsa, a ƙofar fada da majalisun tsofaffi za ka fara tambaya. Dawowa a mota, wuni ɗaya, ka samu kwana biyu ƙafa ta sace kafin a koma aji.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga Oktoba ku riƙa fita kowace Asabar da jakar a baya, cike yadda za ku tafi da ita, kilomita 10, sannan 15, sannan 20. A ƙarshen Nuwamba ku yi gwaji na gaske: ku taka zuwa wani gari da kuke da ɗan'uwa, ku kwana a zaurensa a kan buhun nan, washegari ku tako ku dawo. Rana ta biyu ita ce mai faɗin gaskiya. A nan za ka san ko takalmin naka ne, a nan kuma za ka san ko abokin naka abokin tafiya ne. Mutumin da kuka ɗaga wa juna murya a kan kalanda kuna zaune a inuwa, gara ka ga halinsa da bororo a ƙafa tun kuna kusa da gida. Ku yi alkawari tun yanzu cewa in ɗaya ya ce ya gaza, an tsaya, ba gori.

Saura Hajiya. Ba ta yi ƙarya ba, ga mota, kuma wahala ce. Kada ka je mata da maganar motsa jiki ko buɗe ido, ba za ta saurare ka ba. Ka je mata da takarda: ga ranar tashi, ga garuruwan da za mu kwana ɗaya bayan ɗaya, ga wanda muka sani a Kazaure, ga na Daura, ga takardar mai unguwa, kuma kullum bayan magariba zan kira ki, in na ƙetare iyaka zan sayi layin can a ranar. Ka samu wani babba a dangin mahaifinka, wanda ya san kakan naka, ya raka ka wurinta, ya ce zumunci yaron nan zai je nema. In ta sa albarka, ka tambaye ta abin da za ka kai wa dangin can, ko turmin atamfa ne ka aika shi a mota ya riga ka isa. In kuma ta ce a'a har zuciyarta, to bana ba da kai ba, ka ci gaba da fitar Asabar ɗinka, ka sake komawa da takardar baɗi tun watan Satumba.